Layin da ba ya ɓullewa

Assalamu alaikum mutanen Birnin Kebbi, ina gajiya? Daga Milton Kins nake magana, nan Ingila. Hannuna ya ƙandare da sanyi, in kun ga kyamara na rawa ku yi haƙuri.

Ku dubi wanga layi. Ya taho ya taho, ya zo nan ya mutu, mai mota sai dai ya juya. To bari in matso ku gani. Ga wata 'yar hanya tsakanin shinge biyu, faɗinta bai wuce taku biyu ba. Ta nan yara ke bi su tafi makaranta, ta nan ake faɗawa jan titin masu keke da masu ƙafa. A 1967 aka yanke shawarar gina garin nan, aka ja manyan tituna kamar gidan dara, kusan kilomita guda tsakaninsu. Cikin unguwa kuwa mota kaɗai aka tare.

Abin da ya sa na kunna kyamara, zuwana gida ne bara. Yayana ya yi gini can bayan Gesse, ya kira ni ya ce, "Ƙane, ai in ka ga masallacin ka zo." Na ga masallacin kuwa, har tankin ruwan gidan ina hangowa. Amma layin da ya kamata ya kai mu, wani ya sayi fuloti ya zagaye shi da katanga, ya haɗa har da hanyar. Mai kabu-kabu ya koma baya, muka shiga wani layin, shi ma bulo. Na uku kwata ta cinye shi. Sai da muka fita kwalta muka zagayo, ya ce kuɗin da muka yi ciniki ba su isa ba, kuma wallahi da gaskiyarsa.

Tun da aka yi jihar Kebbi a 1991 garin Birnin Kebbi ke miƙewa. Fadama ta tokare shi gefe guda, sai ya bi kwalta: hanyar Kalgo wajen jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, da hanyar Ambursa wajen filin jirgi. Gona ta zama fuloti, mai gona ya yanka yadda zai fi samun kuɗi, maƙwabcinsa ma ya yanka nasa, layin wannan bai san da na wancan ba. Kowa dole ya fito babban titi, shi ya sa da yamma yake cushewa.

Ni da na tashi cikin tsohon gari, lungunanmu karkatattu ne, jaki da kaya da ƙyar yake wucewa, amma yawancinsu suna ɓullewa. Inna na aike ni kasuwa in je in dawo tukunya ba ta tafasa ba.

Ga bas ɗina nan ta iso. Yaya, in ka kalli wannan ka turo mini hoton katangar nan, an ce mai ita ya ƙara mata layi biyu na bulo.