Ganyen bonsai ya yi yaushi? Dakata tukuna kafin ka ɗebo ruwa

Wannan bishiyar da kuke gani a cikin kasko, ita ce bonsai. Bishiya ce kamar kowace, sai dai ana datse mata rassa da saiwoyi, a riƙe ta a ƙaramin mazubi. A Sin aka faro wannan fasaha, Japan ta ɗauka ta ƙawata ta. Akwai wata da ake renonta tun 1625, tana Hiroshima lokacin da bam ya faɗa a 1945, kuma har yau tana raye a birnin Washinton. To me ya sa wadda ka sayo take mutuwa tun ba ta yi wata uku ba?

Galibi ruwa ne. Tambayar da kowa ke yi ita ce, sau nawa zan ba ta ruwa a mako? Babu adadi. Ranar da ake zafi da iska, kaskon nan zai iya bushewa kafin la'asar. Lokacin sanyi kuwa sai ya kwana uku da danshinsa.

Ku matso kusa. Waɗannan siraran saiwoyin masu kama da gashi, su ke shan ruwa, kuma suna bukatar iska. In ƙasa ta zauna jagab kullum, iska ba ta shiga, sai su ruɓe. Ga lafiyayyu nan, farare tas. Ga ruɓaɓɓu, sun yi baƙi, suna narkewa a hannu, har da wari.

A nan ake yin kuskuren. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya kai ruwa sama. Ganye ya yi yaushi, ya koma ɗorawa, ya fara zuba, daidai da yadda yake yi in ƙishi ya kama shi. Mai ita ya gani, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa. Wallahi abin yana ci mini rai, domin da kyakkyawar niyya ake kashe yawancinsu.

Saboda haka ƙasa za ka tambaya. Tura yatsa kamar santimita ɗaya. Ka ji danshi? Ƙyale ta. Ko ka soka tsinken katako, ka bar shi minti 10, ka zaro. In ya fito da laima ƙasa na manne, da sauran lokaci. In ya fito a bushe, to bismillah.

Kuma in za ka ba ta, ka ba ta sosai. Kalli yadda ake zubawa a hankali, ko'ina a saman ƙasar, har sai ruwa ya ɓullo ta ramukan gindin kasko. Ka ɗan jira, ka sake, don busasshiyar ƙasa takan bar ruwan farko ya zurare ta gefe. Fesa wa ganye ruwa ba ban ruwa ba ne. Farantin da ke ƙasa kuma, kada ruwa ya kwana a ciki. Kaskon da ba shi da rami, komai kyansa, ni dai ba zan saka bishiya a ciki ba.

Irin ƙasar ma na taimakawa. Masu sana'ar suna haɗa akadama, wani yumɓu mai ƙwaya-ƙwaya daga Japan, da tsakuwar dutse mai aman wuta. Ruwa ya wuce, iska ta shiga. Akadama tana yin duhu in ta jiƙe, ta yi haske in ta bushe, ido kaɗai ya isa.

Sauran a gurguje. Junifa da fayin, bishiyoyi masu siraran ganye kamar allura, na waje ne, a ɗaki mutuwa za su yi. Fikus, dangin su cediya, yana jure zaman ɗaki in yana kusa da taga mai haske. Taki sai lokacin da take toho. Sabon reshe ya yi tsawo, a rage shi. Wayar lanƙwasa reshe, a warware ta kafin ta ci ɓawo. Ƙaramar bishiya kuma a sauya mata ƙasa duk shekara biyu zuwa uku.

In kana shakkar ko taka tana da rai, kankare ɓawon reshe kaɗan da farce. Ka ga kore a ciki, akwai sauran fata: kai ta inuwa mai haske, ka dakatar da taki, kada ka sake ba ta ruwa sai saman ƙasa ya sha iska.