Ƙarfin da Aikin Yini Yake Nema Daga Jikin Mace Mai Bi

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayenmu mata da ’yan’uwa mata masu kallonmu daga birnin Katsina, Malumfashi, Kafur, Funtuwa da sauran garuruwan jiharmu. Jarkar da kuke gani a wannan hoto tana cin lita 25, kuma idan aka cika ta da ruwa nauyinta yakan kai kilo 25, wato rabin buhun siminti ke nan. Mace takan ɗaga ta daga bakin famfo ko daga kurar mai ga-ruwa ta kai ta madafa, wani lokaci da goyo a bayanta, ba tare da kowa ya tambayi yadda ƙugunta yake ji ba. Shirinmu na yau zai duba irin ƙarfin da aikin yini yake nema daga jikin mace, da yadda ake gina shi a tsakar gida ba tare da sayen wata na’ura ba, da kuma matsayin wannan kulawa a rayuwar wadda take bin Almasihu.

Da zarar an ambaci motsa jiki, amsar da mata da yawa sukan bayar ita ce aikin gida ya ishe su. Akwai gaskiya a cikin wannan magana, domin daka, ɗiban ruwa da noma aiki ne mai sa zuciya ta buga da ƙarfi. Sai dai mafi yawan aikin gida a sunkuye ake yin sa, kuma a yanayi guda kullum: shara da gajeriyar tsintsiya, wanki a bakin baho, tuƙin tuwo a tsugune. Igiyar guga da take gogar bakin rijiya a wuri ɗaya kowace safiya, a nan wurin take tsinkewa, kuma haka ƙugu da gwiwa suke cinyewa alhali sauran tsokar jiki tana zaune babu aiki. Ita kuwa malamar makaranta, ko tela a kan keken ɗinki, ko mai shago a babbar kasuwa, tana iya komawa gida a gajiye tilis bayan ta yini a zaune, ta je a babur ta dawo a babur. Gajiyarta ta gaske ce, amma jikinta bai motsa ba.

Tun daga wajen shekara 30 tsokar ɗan Adam take fara raguwa sannu a hankali idan ba a ba ta aikin da zai riƙe ta ba. Ga mace kuma akwai ƙari, domin bayan ɗaukewar al’ada sinadarin da yake kare ƙashinta yana raguwa, ƙashin ya riƙa yin rauni, har faɗuwa ƙarama a banɗaki ta zama karayar kwatangwalo. Alamun sukan fara ne a hankali, kamar dafa gwiwa kafin a tashi daga tabarma, da neman bango lokacin sa takalmi, da kasa durƙusawa a wurin addu’a. Shi ya sa a jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ta shawarci kowane baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ya kuma ware aƙalla kwana biyu domin ƙarfafa tsoka. Waɗanda suka kai shekara 65 an ƙara musu atisayen tsayuwa daidai, kwana uku a mako, saboda gudun faɗuwa.

Bari mu koma kan jarkar nan. Ku lura da yadda wannan ’yar’uwa take yi. Ta matso har jarkar ta shiga tsakanin ƙafafunta, ta buɗe su daidai faɗin kafaɗarta, ta tura ƙugunta baya, ta lanƙwasa gwiwa, bayanta kuma yana miƙe. Ta kama hannun jarkar, ta ɗaure cikinta, sannan ta taka ƙasa da ƙarfi ta miƙe, ta yadda cinya da ɗuwawu ne suka ɗauki nauyin. Ba ta bar jarkar ta yi nisa da jikinta ba, kuma da za ta juya sai ta juya da ƙafafunta, ba ta murɗa ƙugu da kaya a hannu ba. Murɗawar nan ce takan jawo abin da muke cewa baya ya riƙe. Haka ake ɗaukar yaro daga ƙasa, haka ake sauke tukunya daga murhu, haka ake ɗaga buhun gero.

Domin cinya ta iya wannan aiki sai an horar da ita, kuma kujera ɗaya ta isa. Ki jingina kujerar da bango don kada ta zame, ki zauna a bakinta, ki rungume hannuwanki a ƙirji, ki tashi tsaye ba tare da kin dafa komai ba, sannan ki koma ki zauna a hankali kina ƙirga ɗaya, biyu, uku. Komawar a hankali ita ce inda amfanin yake, kuma ita ce wadda kowa yake so ya yi sauri a kanta. Ki yi sau goma, ki huta minti ɗaya, ki sake. Wadda ba ta iya tashi sai da dafawa ta fara da dafawar, babu abin kunya a ciki. Idan goma ta zama wasa bayan ’yan makonni, sai ki rungumi galan mai lita biyar, ko ki koma kujera ’yar tsugune. Wannan atisaye ɗaya, a ganinmu, ya fi kowanne daraja ga macen da ta haura arba’in, domin shi ne yake tabbatar da cewa za ta shiga banɗaki ta fito da ƙafarta a lokacin tsufa.

Sauran ba su da wuyar bayani. Domin hannu da ƙirji, ki dafa bango da tafukanki, ki kusanto da ƙirjinki gare shi, ki tura kanki baya. Domin ƙarfin riƙo da na ciki, ki ɗauki galan biyu masu nauyi ɗaya, ɗaya a kowane hannu, ki zagaya tsakar gida kina miƙe, wanda ya fi wa ƙugu sauƙi a kan ɗaukar babban bokiti a gefe guda. Domin tsayuwa daidai kuma, ki tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango yayin da kike jiran ruwa ya tafasa.

Minti 150 ɗin nan kuwa, rabin awa ne a kwana biyar, kuma ana iya gutsura shi minti goma goma. Ma’aunin saurin tafiyar mai sauƙi ne, musamman ga mawaƙan ikilisiya: idan kina iya hira amma numfashinki bai isa ki rera waƙa ba, kin kama saurin da ake so. A watannin Afrilu da Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, saboda haka tafiyar ta zama da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, da ruwa a hannu. A lokacin hunturu kuma mai ciwon asma ta rufe hancinta, ko ta yi nata a cikin gida ranar da hazo ya yi kauri. Rawar da ake takawa a taron Zumuntar Mata, ana buga tulu ana kaɗa kacau-kacau, tana shiga lissafi sarai, muddin da gaske aka taka ta.

Mai juna biyu da ba ta da wata matsala ita ma an shawarce ta da minti 150 a mako, amma ta fara faɗa wa ma’aikaciyar jinya a wurin awo. Bayan haihuwa abin da ya fi buƙatar kulawa shi ne tsokar ƙasan mara, wadda rauninta yake sa fitsari ya zubo idan an yi tari ko dariya, matsalar da mata da yawa suke ɓoyewa shekara da shekaru. Ana ƙarfafa ta ne da matse wurin kamar mai riƙe fitsari na daƙiƙa biyar, a saki, a maimaita sau goma. Wadda aka yi wa tiyata ta jira izinin likita kafin ta ɗauki abu mai nauyi. Akwai kuma maganar da ya kamata iyayenmu masu kula da jego su ji da kunnen basira: tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da shan kunun kanwa mai yawa tare da zafin wankan jego. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko take haki a kwance, asibiti za a kai ta a ranar.

Kanwar nan ta kawo mu ga abinci, domin abin da yake cikinta mai ɗaga jini shi ne yake cikin gishiri da dunƙulen miya. Iyakar da aka ba baligi ita ce ƙasa da giram biyar na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma har da wanda yake cikin dunƙule. Miyar da aka jefa wa dunƙule huɗu sannan aka bi da gishiri tana iya cinye babban ɓangare na kason gishirin mutanen gida kafin a kai ga abincin dare. Daddawa, albasa, citta da tafarnuwa suna ba da ɗanɗanon da zai sa a rage hannu. Sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, alhali robar lemo ɗaya mai rabin lita tana iya kai wannan adadi ita kaɗai, zoɓo da kunun zaƙi na biki ma ba a baya suke ba. Tsoka ba ta ginuwa da tuwo zalla, tana buƙatar wake, gyaɗa, awara, ƙwai, nono ko kifi, kuma kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli ya fi kayan gwangwani masu tsada amfani. Mai ƙarancin jini ta nisanta shayi daga lokacin cin abinci, domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, lemun tsami da gwaiba kuwa suna taimaka masa.

To, ina bangaskiya ta shigo a cikin wannan duka? Akwai masu ganin cewa kula da jiki aikin masu son a gan su ne. Manzo Bulus ya auna abin da kansa a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 4 aya 8, inda ya nuna cewa horar da jiki tana da nata amfani, amma ibada ta fi ta, domin amfaninta ya haɗa rayuwar yanzu da mai zuwa. Ya ajiye kowanne a matsayinsa, bai jefar da na farkon ba. A 1 Korintiyawa 6:19 da 20 kuma ya ce jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, an saye shi da tamani, wato amana ne a hannunmu. Macen kirki ta Karin Magana 31 an yabe ta da ɗamara da ƙarfin damatsa a aya ta 17, kuma hannuwan nan ne take miƙa wa matalauta a aya ta 20. Rifkatu ma, a Farawa 24, da tulunta ta shayar da raƙuma goma na bawan Ibrahim, kuma Bakatsine ya san raƙumi mai ƙishi yana iya shanye fiye da jarka uku a tsaye. Kirkin zuciyarta ne ya sa ta yi tayin, amma da ƙarfin jikinta ta cika shi.

Labarin da ya fi dacewa da mace mai hidima shi ne na annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan babbar nasararsa a kan annabawan Ba’al a Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta aika masa da barazanar kisa, ya gudu har Biyasheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ku lura da amsar da ya fara samu. Ba a tsawata masa ba, ba a kuma yi masa wa’azi ba. Ya yi barci, mala’ika ya tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya sake kwantawa, aka sake tashinsa ya ci domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan haka ya kama hanyar kwana arba’in zuwa Horeb, inda Ubangiji ya yi magana da shi. Sau da yawa ’yar’uwar da take kuka cewa addu’arta ta bushe, tana gyangyaɗi a kan Littafi Mai Tsarki, tana fushi da ’ya’yanta babu dalili, macen da take kwana awa huɗu ce, ta tashi ta ciyar da kowa ta manta da kanta. Baligi yana buƙatar barcin aƙalla awa bakwai. Yesu da kansa, a Markus 6:31, ya janye almajiransa su huta a lokacin da jama’a suka hana su ko da sukunin cin abinci. Ba kowace bushewar ruhu ce gajiya take kawowa ba, amma ya dace shugabannin mata su riƙa tambayar barci da abinci kafin su yanke hukuncin cewa bangaskiyar wata ta yi sanyi.

Haka batun azumi yake, ko na kwana arba’in kafin Ista ne ko wanda ikilisiya ta sa a farkon shekara. Horo ne mai kyau, amma mai ciwon suga da take shan magani, da mai ciki, da mai shayarwa, su nemi shawarar likita tukuna, domin sukarin jini yana iya faɗuwa har mutum ya suma. Hawan jini kuma yakan zauna a jiki shekaru babu wata alama, sai awo ne yake nuna shi, kuma idan awon ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, ana buƙatar ganin ma’aikacin lafiya. Wadda aka ɗora a kan magani ta ci gaba da addu’ar warkarwa tana shan maganinta, domin ajiye shi da sunan bangaskiya ya sha kai mutane ga shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi riƙe mace a kan wannan hanya shi ne abokiyar tafiya. Mata biyu ko uku na unguwa ɗaya suna iya fita da sassafe, su ɗauki aya ɗaya su yi ta bimbini a kanta, su yi wa gidajen da suke wucewa addu’a a zuci, ko su taka da ƙafa zuwa gaida marar lafiya maimakon hawa babur. Zumuntar Mata tana iya haɗa kuɗi ta sayi na’urar awon jini guda, ta roƙi wata ma’aikaciyar jinya daga cikin ikilisiya ta riƙa auna mata sau ɗaya a wata bayan taro, a rubuta wa kowa nata a littafi. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe mata a tsakiyar atisaye, ta tsaya nan take, kuma kada ta koma sai likita ya duba ta.