Darasi: Yadda Ake Fitar da Hazo a Zanen Tsauni Irin na Ƙasar Sin

To jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau tsauni za mu yi, salon da mutanen Sin ke kira shan-shuwei, wato dutse da ruwa. Tawada na riga na niƙa, wato na goga busasshiyar sandarta a dutse da ɗan ruwa. Takardar shuwan ce, wato takardar zane ta Sin, ɗanya, wadda ba a shafa wa alif ba. Tana shan ruwa kamar rairayi, don haka ku shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashinta.

Mu fara daga ƙololuwa. Burushi mai tauri, tawada baƙa, amma a ɗan bushe. Ku kwantar da shi a gefe, ku fizga ƙasa, haka. Wannan shi ake ce wa saran gatari, shi ke ba dutse kaushi. Ku bi ɓangaren inuwa kawai.

Yanzu ga inda ake yawan ɓata aiki. Hazo ba a zana shi, takardar ake bari fara. Guo Xi, mai zanen ƙasar Sin wanda ya yi zanen da ake kira Farkon Bazara a 1072, ya koyar cewa in ka nuna tsauni gaba ɗaya ba zai yi tsawo ba, sai hazo ya ɗaure masa ƙugu. Ɗauki burushin gashin akuya, jiƙa shi da ruwa zalla, matse, sannan ka tsoma rabinsa a tawada mai ruwa-ruwa, bakinsa kaɗai a baƙa. Kala uku ke nan a burushi ɗaya. Ja daga sama... a'a, dakata, ruwan ya yi yawa, bari in goge a tsumma. Yawwa. Ja ƙasa a jikin tsaunin kana sassauta hannu har tawadar ta ɓace da kanta a inda hazon zai kasance. In ka tsaya a tsakiya, gefen zai bushe ya bar maka layi, kuma ba ya gyaruwa. Kar ka sake bi sai ya bushe sarai. Ni na fi son bi uku marasa kauri a kan ɗaya mai duhu.

A ƙasa mu sa gora, alamar mutumin da ke lanƙwasa amma bai karyewa. Sai masunci a kwale-kwale, shi ne malamin da ya bar aikin fada ya keɓe kansa. Ku yi shi ƙanƙani, kamar ƙwayar shinkafa. A zanen Fan Kuan, wani tsohon mai zanen Sin, da ke gidan tarihi na Taipei a Taiwan, sai ka ƙura ido kafin ka ga matafiyan a gindin dutsen.

Jan hatimi sai gobe, in takardar ta bushe.