Rigar ƙungiyar da ta mutu: tsohuwa ce ko sabuwa?

Kwanan nan hotunan rigunan tsofaffin ƙungiyoyin besbol na Amurka (wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda) sun cika waya, masu sayarwa suna rantsuwa wai rigar ta shekara 70 a duniya. To, a tsaya a duba.

Ƙungiyoyin dai an yi su da gaske. A 1949 ƙananan gasannin besbol a Amurka sun kai 59, ƙungiyoyi sama da 400. Garin da bai taka kara ya karya ba ma yana da tasa. Sai talabijin ta shigo, kowa ya zauna a falo yana kallon manya, filaye suka zama kufai. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ita ce Mayfield Clothiers, daga wani garin masana'antun ɗinki a jihar Kentaki. Gasarsu, Kitty League, ta rufe a 1955.

Ga inda ake tafka kuskuren. Shekarar da aka rubuta a ƙirji ta ƙungiyar ce, rigar kuwa wataƙila bara aka ɗinka ta. Ku dubi hotunan 'yan wasan wancan zamani da kyau. Rigar ulu ce mai nauyi, maɓallai har ƙasa, haruffan ma yanko su aka yi ɗaya bayan ɗaya aka ɗinka. Da ita suke gudu cikin zafin Yuli, Allah sarki. Saboda haka in ka ga tishat ɗin auduga, rubutu ya tsattsage, launi ya koɗe, wataƙila a masana'anta aka tsufar da ita da gangan.

Mai ulun fa? Ita ma kada ka yi saurin yarda. Tun 1988 kamfanin Ebbets Field Flannels, wanda aka kafa a birnin Siyatil, yake kwaikwayon tsofaffin rigunan, har yadin da ɗinkin. Juya wuyan, karanta tambarin. In akwai adireshin intanet a jiki, magana ta ƙare. Ko daga dilar gwanjo ta fito, an dai sa ta, amma ba kakan kowa ne ya sa ba.

Ni kam sabuwar tana burge ni, muddin ba a caje ni kuɗin kayan tarihi ba.

Masu ɗinkin kuma ba za su rasa sunayen matattun ƙungiyoyi ba. A 2021 an rage ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin babbar gasa daga 160 zuwa 120, wasu kamar Lancaster JetHawks ta Kalifoniya suka rufe gaba ɗaya.