Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu, daga Kwamitin 'Yan Damben Zamani na Sabo, Ibadan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma babban baƙonmu da tawagarsa, iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, malamanmu, dattawan Sabo, maƙwabtanmu Yarabawa da suka zo taya mu karɓar baƙo, matasa 'yan wasa, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Ranka ya daɗe, ba za mu tsaya lissafa ayyukanka ba, domin wanda bai gani da idonsa ba ya ji a bakin wanda ya amfana. Ka bar hidimomi masu yawa ka tako har cikin unguwarmu, kuma mun san girmama mu ka yi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Kwamiti ya umarce ni da in faɗi buƙatarmu tun da farko, kada lokaci ya ƙure ba a kai gare ta ba. Dandalin dambe muke roƙo, guda ɗaya tak: irin wanda ake ɗagawa sama da ƙasa, mai katako da shimfiɗa, da ginshiƙai huɗu, da igiyoyi kewaye. Sauran abin da za ka ji a wannan takarda hujja ce a kan wannan roƙo.

Mai Girma, garin nan da ka sauka yana da tarihin da ba kowane birni ke da shi a Afirka ba. Ranar 10 ga Agusta, 1963, a filin wasa na Liberty, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Obafemi Awolowo, ɗan Najeriya Dick Tiger ya kare kambunsa na duniya a ajin matsakaita nauyi, ajin da iyakarsa fam 160, wato kilo 72 da rabi. Abokin karawarsa Ba'amurke ne, Gene Fullmer, mutum mai taurin kai da ba ya ja da baya. Bayan turmi na bakwai aka tsayar da wasan, Fullmer bai iya ci gaba ba, kuma daga wannan dare bai sake shiga dandali ba. Ba a taɓa yin damben kambun duniya a Najeriya ba kafin ranar. Dattawanmu, waɗanda a lokacin samari ne, har yau in an taɓo zancen sai sun gyara zama: wane ya shiga filin, wane ya tsaya a waje yana jin ihu, wane ya maƙale a gindin rediyo.

Abin da muke so ka lura da shi, ranka ya daɗe, shi ne inda mutumin ya faro. Sunansa na yanka Richard Ihetu, an haife shi a Amaigbo, cikin jihar Imo ta yanzu, a 1929. Ɗan talakawa ne da ya tafi Aba neman abinci. A can ya fara dambe a matsayin ɗan dagaji, a wasannin da ake haɗawa tsakanin kulob-kulob, ba don kuɗi ba. Wasu ne suka kafa wuri, suka ɗaura igiya, suka ba yaro safar hannu suka ce shiga. Da babu wannan wurin, da duniya ba ta san shi ba.

A 1952 ya shiga sahun ƙwararru, a 1955 ya tsallaka zuwa Liverpool a Ingila. Nan ma ba da ƙafar dama ya shiga ba, don wasanninsa huɗu na farko a can duk an cinye shi. Ga sanyi, ga baƙunci, ga salon dambe da bai saba da shi ba. Wani da ya tattara kayansa ya dawo gida. Shi kuwa ya daure, har a 1957 ya lallasa Terry Downes, matashin da Turawa ke ji da shi, wanda daga baya shi ma ya zama zakaran duniya. A 1958 ya buge Pat McAteer ya karɓi kambun ƙasashe renon Ingila. Daga nan sai Amurka, inda a watan Oktoban 1962, a San Francisco, ya doke Fullmer ya ɗauki kambun duniya yana da shekara 33, shekarun da wasu ke rataye safar hannu. Suka sake haɗuwa a Las Vegas aka tashi kunnen doki, shi ya sa aka zo Ibadan raba gardama.

Kambun ya kuɓuce masa a hannun Joey Giardello a ƙarshen 1963, ya bi sawu har ya ƙwato shi a 1965. Emile Griffith ya karɓe a 1966. Maimakon ya zauna jimami, sai ya haura aji na sama, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da jiki, kafin shekarar ta fita ya doke José Torres ya zama zakaran duniya a aji na biyu. Sai a 1968 Bob Foster ya kwantar da shi a turmi na huɗu. Yaƙin basasa ya ratsa cikin waɗannan shekaru, Dick Tiger ya tsaya da mutanensa, ya yi asarar dukiya mai yawa. Wannan ba wurin tone-tone ba ne. Ya rasu a Aba a watan Disamban 1971, yana da shekara 42, sakamakon ciwon dajin hanta. A 1991 Amurkawa suka saka sunansa a zauren gwarazan dambe na duniya. Mu kuwa a nan, a garin da ya yi wannan bajinta, ka tare yaro ka tambaye shi Dick Tiger, sai ya zaci sunan ɗan fim ne. Wannan yana mana ciwo.

Mai Girma, mu Hausawa ba baƙin dambe ba ne. Da naɗin zare a hannu da kiɗan kalangu muka gaje shi, kuma tun da aka kafa Sabo a 1916 ba a rasa samari masu ƙarfin hannu a cikinta ba. Amma damben zamani yana da nasa ƙa'idoji, kuma rabin sanin yana cikin dandalin kansa. In ka zo da asuba za ka tarar da yaranmu a wani fili bayan shaguna. Da toka koci ke zana murabba'i a ƙasa, wai shi ne dandali. Buhun shinkafa ne aka cika da yashi aka rataye a reshen bishiya. Safar hannu kuwa karɓa-karɓa ake yi, wannan ya cire da guminsa, wancan ya zura. In ruwa ya sauko, atisaye ya tashi.

Mun taɓa kai wani yaronmu gasa, yaron da duk unguwa ba mai tsayawa gabansa. Ranar ce ya fara taka dandali na gaske. Shimfiɗar tana motsi ƙarƙashin ƙafarsa, abin da bai saba ba. Da aka matsa shi ya ja baya kamar yadda yake yi a fili, sai ya ji igiya a gadon bayansa, aka ritsa shi a kusurwa, bai san ta inda zai sulale ba. Ba ƙarfi aka fi shi ba. Wancan ya san dandali, namu bai sani ba. A mota muna dawowa ba wanda ya iya cewa uffan.

Mun sha rubuta takardu. Mun sha jin "ku dawo mako mai zuwa". Har an taɓa zuwa aka auna filin da igiyar awo, aka ɗauki hoto da yara, shi ke nan ba mu sake jin ɗuriyar kowa ba. Ba mu ambaci sunan kowa ba, kuma ba za mu ambata ba. Muna dai cewa haƙuri ya yi tsawo, yaran kuma girma suke yi. Wanda ya gaji da jira tasha yake komawa, ko abin da ya fi tasha muni.

Akwai ƙananan buƙatu, kamar hulunan kare kai, da robar kare haƙori, da rumfar da za ta tare ruwa. In sun samu mun gode. Amma in abu ɗaya za a yi, ranka ya daɗe, to dandalin nan ne. Wurin kafa shi yana nan, dattawan unguwa sun ba mu. Maƙera da kafintoci muna da su a cikinmu, sun ce za su yi aikin haɗawa kyauta. Gadi da kulawa mun ɗauka a wuyanmu. Takardar kiyasin kuɗin tana haɗe da wannan jawabi, sakataren kwamiti zai miƙa maka hannu da hannu, kuma muna roƙon kafin ka shiga mota ka daure ka taka zuwa filin, tafiyar ba nisa, yaran suna can a jere suna jiranka.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da nisan kwana, ya mai da kai da tawagarka gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Kwamitin shirye-shirye, a madadin 'yan wasa da iyayensu.