Darasi: Yadda Tyndall ya auna zafin da iska ke riƙewa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau bututun John Tyndall, masanin kimiyya ɗan Ireland, za mu duba.

Tun 1824 Joseph Fourier, masani ɗan Faransa, ya lissafa cewa da hasken rana kaɗai ke ɗumama duniya, da ta fi haka sanyi. Ya yi zargin iska ce ke riƙe zafi, amma bai auna ba. A 1856 Eunice Foote a Amurka ta cika tulun gilashi da iskar kabon (carbon dioxide, wadda muke fitarwa in mun yi numfashi), ta ajiye a rana, ya fi na iskar yau da kullum zafi. Sai dai gwajinta bai raba zafin rana da wanda ƙasa ke mayarwa sama ba, kuma nan ne gizo ke saƙar.

To, ga abin da Tyndall ya haɗa a Landan daga 1859. Ku saurara da kyau. Bututun ƙarfe ne mai tsawon kamar ƙafa huɗu. A gefe guda akwai akwatin ƙarfe cike da tafasasshen ruwa, shi ke fitar da zafin da ido ba ya gani, irin wanda ƙasa ke fitarwa. A ɗaya gefen akwai na'urar da ke juya zafi zuwa lantarki, haɗe da allura mai motsi. Bakin bututun biyu kuwa da faifan gishirin dutse ya toshe su, ba gilashi ba. Me ya sa? Gilashi yana shanye irin wannan zafin, gishiri kuwa yana barinsa ya wuce.

Da farko a zuƙe iskar bututun kaf. Sai a sa akwatin tafasasshen ruwa na biyu a ɗaya fuskar na'urar, a daidaita har allura ta tsaya cak a sifili. Daga nan a shigar da iskar da za a gwada. In allura ta karkata, iskar ta sha zafi ke nan.

Matsalolin fa? Gishiri yana jan laima, kuma faifai mai danshi ƙarya zai ba ka, don haka dole a busar da iska tukuna. Har koren rinin silikin da aka naɗe wayar tagullar da ke kewaye da allurar da shi ya riƙa jan allurar, saboda akwai ƙarfe a cikinsa. Sai da ya canza zuwa farin siliki.

Sakamakon: oksijin da naitrojin, waɗanda su ne kusan kashi 99 cikin ɗari na busasshiyar iska, kusan ba su taɓa allurar ba. Tururin ruwa da iskar kabon kuwa sun karkatar da ita sosai. Shi ya sa daren hunturu ke da sanyi: iska ta bushe, ba tururin da zai tare zafin ƙasa.

A 1896 Svante Arrhenius na Suwidin ya ɗora a kai, ya lissafa cewa ninka iskar kabon zai ƙara zafin duniya da digiri 5 zuwa 6 na ma'aunin Celsius. Lissafin nasa za mu bi a darasi na gaba.