Watannin farko bayan haihuwa: jariri da mai jego

Assalamu alaikum warahmatullah. Ana ji na a baya? Toh madalla, wanda bai ji ba ya ɗaga hannu dan Allah kar ya ji kunya. Iyayena mata, ƙannena, da mazan da suka daure suka zo, na gan ku can gefe kun haɗe waje ɗaya, sannunku, yau ai da ku za a yi. Abu biyar nake so mu taɓa in lokaci ya bari, girman jariri, shayarwa, barci da kuka, jikin ita mai jegon, sai kuma alamomin da in an gansu ba a kwana a gida.

Na farko, nauyi. Yaro in an haife shi a ɗora shi a sikeli, bayan kwana uku ko huɗu in aka sake ɗora shi za a ga ya ragu, kuma wannan ba ciwo ba ne, kusan duk jarirai haka suke, yana iya rasa kamar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin da aka haife shi da shi, ruwan jikinsa ne ke raguwa ga kuma wannan baƙin kashin na farko mai danƙo da yake fitarwa. Zuwa kwana 10 ko 14 ya kamata ya koma inda yake. Daga nan sai hawa, a watanni ukun farko yana ƙara kamar giram 150 zuwa 200 a sati, kafin wata biyar ko shida ya ninka nauyinsa, in ya shekara ya ninka sau uku. Wannan layin da kuke gani a katin awo, Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da ma'aunin a 2006 bayan an bi yara a ƙasashe shida, kuma abin da muke dubawa shi ne layin yaronki yana hawa ko ya kwanta, ba wai ya kai ɗan maƙwabciya ba. Kowane yaro da nasa layin.

Toh wannan raguwar ta kwanakin farko ita ke kawo ni kan maganar da wallahi ko ita kaɗai na faɗa yau na tashi na gode Allah. "Nonona ba ya isarsa." Nawa ne a cikinku suka taɓa faɗin haka ko aka faɗa musu? Ku ɗaga hannu. Kun gani ko, kusan rabin ɗakin. Shekarun da na yi a ɗakin haihuwa babu maganar da na ji ta kai wannan yawa, kuma mafi yawan lokaci nonon yana isa, tsoro ne kawai ya shiga.

Ku ɗauko cokalin shayi a ranku. Cikin jariri ranar da aka haife shi abin da yake ɗauka a shan guda bai wuce mililita 5 zuwa 7 ba, cokali ɗaya da ɗan ɗigo ke nan. Shi ya sa Allah bai saukar da nono kwarara a ranar farko ba, sai ya ba da dakashi, ɗan kaɗan, mai kauri, ruwan ɗorawa. Mace ta matsa ta ga ɗigo biyu sai ta ce babu komai, alhali waɗannan ɗigon su ne daidai cikinsa, kuma cike suke da abubuwan da ke kare shi daga cuta, suna shafe masa hanji suna taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan. Kar a zubar da dakashi, kar a zubar, na maimaita. A sa yaro a nono cikin awa ɗaya da haihuwa in hali ya yi, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata a lulluɓe su. Sai a kwana na biyu zuwa na huɗu nono ya kawo sosai, ki ji ƙirjinki ya yi nauyi ya cika.

Kuma shi nono tsarinsa ɗaya ne, gwargwadon yadda aka cire gwargwadon yadda jiki zai sake yi. In yaro ya sha, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa cewa ana buƙata, a ƙara. In aka ce ba ya isa aka kawo madarar gwangwani a kwalba ya sha ya ƙoshi ya yi barcin awa huɗu, nono ya zauna ba a taɓa shi ba, saƙon da ya tafi shi ne ba a buƙata, a rage. Bayan sati biyu sai ya ragu da gaske, sai a ce ai ga shi mun faɗa. Kun ga yadda abin yake zagayowa? Ban ce babu wadda take da matsala ta gaske ba, akwai, akwai wadda ta zubar da jini da yawa, akwai mai rashin lafiya, akwai jaririn da ba ya iya kamawa, kuma in ma'aikacin lafiya ya duba ya ce a ƙara da madara toh a ƙara, ba laifi ba ne ba kuma gazawa ba ce, a dai koyi yadda ake haɗa ta da tsafta. Abin da nake roƙo a duba tukuna kafin a yanke hukunci.

Ta yaya za ki san yana isa, tunda nono ba kwalba ba ne da za ki ga layi? Ki duba abin da ke fita. Daga kwana na biyar, in yana jiƙa nafkin sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin fari ba mai duhu ba, kashin ya bar baƙi ya koma ruwan ɗorawa, yana sha sau 8 zuwa 12 cikin awa 24, kuma sikeli yana hawa, toh ki kwantar da hankalinki. Abin da bai shiga ba ai ba zai fita ba. Sannan ki kasa kunne lokacin da yake sha, za ki ga haɓarsa ta sauka ta ɗan tsaya, ki ji wani ɗan sauti a maƙogwaro, haɗiya ke nan. Akwai wata yarinya da aka kawo min, haihuwar fari, kwana tara, kan nononta duk ya tsage yana jini, tana shayarwa tana cije leɓe tana hawaye, an riga an sayo madara tana cikin jaka. Na ce zauna 'yata in gani. Da na duba, yaron kan nonon kawai yake tsotsa kamar mai shan alawa, jikinsa yana kallon sama wuyansa a murɗe. Na juyo shi cikinsa ya manne da cikinta, na ce ki goga masa kan nonon a hanci ki jira, kar ki yi sauri, ya wangale baki sosai kamar mai hamma sannan ki jawo shi, shi za ki kawo wajen nono ba ke za ki sunkuya ba. Ya kama har da baƙin da ke kewaye, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta nutse a nonon. Ta ɗago ta kalle ni ta ce "Anti, babu zafi." Muna zaune muna jin yana haɗiya. Abin bai ɗauki minti goma ba.

Ruwa fa? Na san za a tambaya. Nono kansa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, ko ana zafi ki ƙara ba shi nono, ke ki sha ruwan. Wata shida nono zalla, haka Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce, bayan wata shida a fara ƙara abinci a ci gaba da nono har shekara biyu ko fiye. Zuma kuwa sai ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya kare kansa daga gare ta. Wani lokaci kuma, wajen sati uku ko sati shida, yaro zai kama nono kamar ba zai saki ba, yanzu ya sha yanzu ya nema, musamman da yamma, kwana biyu ko uku ya wuce. Odar ƙari yake sakawa. (dariya) Eh mana, shi ma ya san kan kasuwancinsa.

Na nawa muke? Na uku ko? Kai, lokaci ya tafi, bari in yi sauri. Barci: jariri yana yin awa 14 zuwa 17 amma a gutsuttsure, bai san dare da rana ba tukuna. A kwantar da shi rigingine, a bayansa, kan shimfiɗa mai ɗan tauri, ba filo ba tarin bargo a fuskarsa, kuma kar a sha taba inda yake. Kuka yana ƙaruwa ya kai ƙololuwa wajen sati shida sannan ya fara sauka zuwa wata uku ko huɗu. In kuka ya ishe ki ko ya ishe ka, ajiye shi inda ba zai faɗo ba ka fita ka sha iska minti biyar. Kar a girgiza jariri, ko kaɗan, yana iya zubar masa da jini a ƙwaƙwalwa. Murmushin gaske wajen sati shida zuwa takwas, wuya ya yi ƙwari wata uku zuwa huɗu, juyi wata huɗu zuwa shida, zama wajen wata shida ko bayan haka kaɗan. Cibiya ta faɗi cikin sati ɗaya zuwa uku, a bar ta a bushe cikin tsafta. Maɗiga tana rufewa da kanta, galibi tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Rigakafi a bi kati. Zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki a yaron da bai kai wata uku ba, ko ya ƙi nono, ko numfashi da sauri, ko shawara ta fito a ranar farko ko ta sauka har tafin hannu da ƙafa, asibiti, a lokacin, ba gobe ba.

Sai uwa. Mahaifa bayan haihuwa tana kai kilo ɗaya, cikin sati shida take komawa 'yar ƙarama, wannan murɗawar da kike ji in kina shayarwa ita ce take tsukewa. Jinin haihuwa ja ne da farko, ya dusashe, ya yi fari-fari, sati huɗu zuwa shida. Ya kamata a duba mai jego sau huɗu aƙalla, cikin awa 24, kwana na uku, tsakanin kwana 7 da 14, sai sati shida, ita kanta ba jariri kaɗai ba. In audugar mata tana jiƙewa sharkaf cikin awa ɗaya, ko jinin yana wari da zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani ido yana ganin dishi-dishi, domin hawan jini da jijjiga suna iya zuwa bayan an haihu, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana yankewa, ita ma asibiti a lokacin... na'am? Malam ka ɗaga hannu tun ɗazu, bismillah. A miƙa masa abin magana.

Toh ga waɗanda ba su ji ba, ya ce maiɗakinsa wata biyu ke nan da haihuwa, lafiyarta ƙalau yaro ma ƙalau, amma kullum sai ya same ta tana kuka, ba ta cin abinci, ko yaro ya yi barci ita ba ta iya yi, in ya tambaya sai ta ce ba komai. Malam Allah ya saka maka da alheri da ka lura, kuma ka iya tashi a gaban mutane ka faɗa. Tazarar haihuwa nake shirin shiga amma bari, wannan ta fi.

Akwai kukan kwanakin farko, wajen kwana uku zuwa biyar, mace ta ji ranta a jagule ta yi kuka ba dalili, mata da yawa suna yi, sinadaran jikinta ne suka sauka lokaci ɗaya bayan mabiyiya ta fita ga rashin barci, kuma kafin sati biyu ya wuce. Wanda ya zarce sati biyu kamar yadda ka kwatanta, wannan muna zargin ciwon damuwa na bayan haihuwa ne, kuma yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma. Ciwo ne kamar hawan jini, ba rashin godiya ba ne, ba raunin imani ba, ba kuma ƙin ɗanta take yi ba. Abin da ke sa su yi shiru ke nan, kowa yana cewa barka, ita tana jin kamar tana nutsewa, ta ina za ta fara? Yana da magani, akwai zama da ƙwararru a yi magana, akwai ƙwayoyin da likita ke bayarwa waɗanda ake iya sha ana shayarwa. A kuma duba jininta, don ƙarancin jini ma yana kawo kasala irin wannan.

Ka kai ta asibiti cikin satin nan, ka shiga da ita, abin da ka faɗa mana ka faɗa wa likita da bakinka don ita tana iya cewa ba komai. Daren yau in ta shayar ka karɓi yaron, ka ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, ka fita da shi wani ɗaki ta samu ko awa uku ne a jere. Kar ka ce mata ta daure. Ka zauna kusa da ita ka ce na ga kina shan wahala, ina tare da ke. In kuwa ta taɓa cewa gara ba ta raye, ko tana tsoron za ta cutar da kanta ko yaron, ko ta fara maganar da ba kan gado tana ganin abin da ba kowa ke gani ba, wannan ba a jiran safiya kuma ba a barin ta ita kaɗai. Ta taɓa faɗin irin haka? A'a, kar ka amsa a nan Malam, in an tashi ka same ni a bakin ƙofa mu yi magana.